Haruffa Biyar na Wutsiya

Ba zan faɗi sunan garin ba, don ba garin ne ya cuce ni ba. Shi kuwa mutumin da ya so ya cuce ni, da gangan zan hana shi suna a labarin nan. Dogo zan riƙa ce masa, abin da na laƙaba masa ke nan tun ranar da na fara ganinsa yana sunkuyawa kafin ya shiga ƙofar ɗakin gwaji. Ni sunana Zulaihatu, daga wani ƙauye a bayan Gwiwa. Kafin in tafi Turai karatun digiri na uku, shekara huɗu na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandaren 'yan mata a Kazaure.

Rigimata ta farko a ƙasar nan a kan suna na yi ta. Matar da ke rajistar ɗalibai ta dubi fasfona, ta motsa baki sau biyu, ta ce zai fi sauƙi su riƙa kirana Zu. Na ce mata a'a, a garinmu ƙuda ne ke yin zuu, ni kuwa rago aka yanka aka ce Zulaihatu. Ta ce ya yi tsawo. Na ce ai nata sunan ma bai yi mini daɗin faɗa ba, amma na koya tun a bakin ƙofa. Ta yi jajir, ta rubuta shi cikakke.

Ɗakin da na kama tun ina gida, a hoto yana da taga babba. Tagar kam tana nan, sai dai bangon maƙwabta take kallo, in ka miƙa hannu ka taɓa shi. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma ba irin wanda ke sa manomi murna ba, yayyafi ne mai sanyi da ke bin ƙashi. Satin farko duk wanda na haɗu da shi a matakala sai na gaishe shi, in tambayi gida da aiki, su dube ni kamar zan roƙe su wani abu. Na daina. Wallahi rashin gaisuwar nan ya fi sanyin cin raina, har in tsinci kaina ina gaida hoton gidanmu a waya.

Abin da ya kai ni can kuwa, jini ne. Ina da shekara tara Inna ta rasu. Ta haifi autanmu lafiya da hantsi, sai jini ya ɓalle. Unguwarzoma ta yi iya yinta, aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi, aka samu mota, kafin a kai Kazaure rai ya yi halinsa. Daga ranar ba a ƙara faɗin sunanta a gidanmu ba, da ma can ba a faɗa. Mu 'ya'yanta ba ma faɗa saboda uwa ce. Baffa, mahaifinmu, Bafulatani ne mai kunya, ko tana raye "uwar yaran nan" yake ce mata. Da yayata ta haifi mace aka mayar da sunan, amma Ummi muke kiran yarinyar. Har na shekara talatin da ɗaya sunan bai taɓa hawa harshena ba.

Aikin ɗakin gwajinmu a kan wasu 'yan gajerun sarƙoƙi ne da ake kira peptaid. Kowace sarƙa jerin ƙwayoyi ce, ƙwayoyin iri ashirin ne, kuma masana sun ba kowane iri harafin boko guda. Don haka in ka rubuta yadda ka jera su, abin da zai fito kamar kalma yake. Abin mamakinsu shi ne, idan ka jera ƙwayoyin daidai, ka narka su a ruwa, da zarar sun haɗu da gishirin da ke cikin jini sai su daidaita sahu da kansu, kafaɗa da kafaɗa, ba liman ba ladan. Sahun ya zama zare siriri wanda ido ba ya gani sai da na'ura, zaren ya saƙa raga, ragar ta riƙe ruwa ta daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana. In a bakin rauni ne, sai ta toshe hanyar jini.

Ranar da Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya fara yi mana bayani, ya rubuta sanannen cikinsu a allo: R-A-D-A, sau huɗu a jere. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Kowa ya juyo. Farfesa ya sauke tabarau ya ce ko akwai abin da ya faɗa ba daidai ba. Na ce a'a, a yarenmu wannan kalmar raɗa ce, maganar da ake yi a kunne, kuma da ita ake sa wa jariri suna. Na ƙara da cewa raɗa in ta kai huɗu ai ta zama raɗe-raɗi. Ba wanda ya yi dariya. Dogo, wanda shi ne mataimakin Farfesa, ya ce in mun gama darasin yare a ci gaba.

Abin da nake so in yi a fili yake. Irin waɗanda ake da su ruwa-ruwa ne kuma suna son sanyi, ni kuwa na san asibitin da zai yi sati bai ga wuta ba. Ina son wanda za a busar ya zama gari, a ajiye a aljihun tebur, ya sha zafin bazara bai lalace ba, in an zuba masa ruwa ya narke nan take ba gudaji. Dogo ya ce wa zai ajiye magani a irin wannan zafin. Na ce mu.

Na farko da na tsara ya ƙi narkewa, ya yi gudaji kamar kunun da aka dama da ganganci. Na biyu ya narke amma ya ƙi daskarewa. Tsakanin biyun nan shekara ɗaya da rabi ta tafi. A na ukun ne na gane sarƙar tana bukatar wutsiya mai son ruwa, ƙwaya biyar, wadda za ta hana su cakuɗewa kafin lokaci. Lissafi ya nuna mini dole in sa K da D da E. Sauran gurbi biyun kusan duk ƙwaya mai laushin hali za ta yi, kuma jerin ba lallai ya bi tsari ɗaya ba. Ina zaune a ɗakin shan shayi da rana tsaka, ina juya haruffan a bayan wata takarda, sai hannuna ya rubuta K-A-N-D-E. Na daɗe ina kallonsa. Na san N ba ta cika jure zafi na dogon lokaci ba, akwai wadda ta fi ta. Na sani sarai, na bar ta.

A ƙa'idar wurin, ɗalibi ba ya odar haɗa sabon peptaid, sai ma'aikaci. Na kwafe jerin a takarda mai tsabta na kai wa Dogo. Ya duba sama-sama, ya ce ɓarnar kayan aiki ce, amma zai tura don in daina damunsa. Ya shigar a kwamfuta da sunansa. A lokacin ko a jikina.

Garin peptaid ɗin ya iso bayan sati biyar. Na raba shi biyu, rabi na sa a tanda mai zafin Gwiwa a watan da ake jiran ruwa, na bar shi wata guda. Ranar da na fito da shi na narka, na ɗiga masa ruwan gishiri, na ƙirga ashirin a zuci, na kifa kwalbar. A aikinmu wannan ne gwajin farko: in ka kifa abin bai zubo ba, ya kama. Bai zubo ba. Na girgiza, ko gezau.

"Ke 'yar nan, lafiya kike riƙe da kwalba a kife kina hawaye?"

Da Hausa aka yi maganar. Goggo Rabi ce, dattijuwar da ke wanke mana kwalabe, mutuniyar Magarya a Nijar, wadda ta fi shekara ashirin a ƙasar. Tun watana na biyu muka gano juna, ranar da ta ji na yi tuntuɓe na ce wayyo Allah. Ta ce mini daga Babura in ka ɗan miƙa ai ka shiga ƙasarsu, don haka ni 'yarta ce ko ina so ko ba na so. Duk Juma'a sai ta zo mini da dambun zogale a roba, ta tsaya a kaina sai na cinye.

Ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta wajen haske, ta bi rubutun da na liƙa a jiki da yatsa. Shekara nawa Turawan nan masu digiri za su yi suna kallon haruffan ba su ga komai ba, ita da kallo ɗaya ta gani.

"Ni ban yi lakkwal mai nisa ba, makarantar boko nake nufi, amma na iya haɗa baƙi. Wace ce Kande?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Mai sunan Ummi ce, Goggo."

Ta gane. Ta ajiye kwalbar a hankali da hannu biyu, ta ce Allah ya jiƙanta, ya sa wannan ya zama sanadin tsiran wasu. Ba ta ƙara tambayata ba.

Daga nan aka tura ni wani gari na sati uku, inda babbar na'urar ɗaukar hoton zaren take. Na ga ragata da idona, zare a kan zare, ba tsinkewa. Na dawo da hotuna ina jin kamar in yi guɗa a tasha. Na tarar da takarda a kan teburina ana jiran sa hannuna, takardar neman rajistar mallakar abin. A gurbin wanda ya ƙirƙira, sunan Dogo. An ma raɗa wa peptaid ɗin suna, haruffan farko na sunan Dogo da lamba uku. Ni kuma ina can ƙasa, cikin waɗanda suka taimaka da awo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kuma ba yabo kawai zan rasa ba. In ƙirƙirar tasa ce, to ni ba ni da abin da zan rubuta kundin digiri a kai, shekara uku sun tashi a banza.

Na same shi a ofis. Ko kunya babu, ya ce shi ya ba ni shawarar wutsiyar a baki, na manta ne saboda gajiya. Na ce ga littafin aikina. Ya ce ai abin da ya faɗa mini na rubuta, kuma kwamfuta ta nuna wanda ya yi oda. Na je wurin Farfesa. Shi ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son hayaniya, kullum jakarsa a hannu zai kama jirgi. Ya ce aikin ɗakin gwaji na kowa ne, in sa hannu, zai nemo mini wani abin in ƙarasa da shi. Na ce ranka ya daɗe, ba zan sa ba. Ya ce in yi tunani, izinin zamana a ƙasar a hannun makarantar yake. Na ce na yi tunanin tun a matakala, a kai mu gaban kwamiti.

Na fito waje. Na kira Baffa. Shi tsohon malamin gona ne, yanzu ya koma ga 'yan shanunsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Zulai, ke baƙuwa ce, ki bi a hankali. Saniyar da ba ta da shaida a kunne, in ta shiga garken wani, mai garke ne zai rantse."

Na ce, "Baffa, tana da shaida."

Ya ce, "To ki nuna musu mana."

Ta yaya zan gaya masa irin shaidar? Na ce masa kati ya kusa ƙarewa.

Goggo Rabi ce ta same ni a ɗakin wanke-wanke na haɗa kai da gwiwa. Da na gama ba ta labari ta riƙe haɓa.

"Au! Ke da hujja a hannu kike zaman makoki? Wannan dogon banzan, uwarsa ce Kande?"

Na ce, "Goggo, ba zan iya tsayawa gaban ƙattin maza baƙi in kira sunanta ba. Ban taɓa ba. Kuma in na faɗa, na tona wa kaina asiri, za su ce na cusa son zuciya a cikin kimiyya."

Ta ce, "To ƙarya za su yi? Kin cusa ɗin. Gara a ce kin yi son uwa da a ce ba ki yi komai ba. Batun faɗa kuma, wa ya ce sai kin buɗe baki? Takardar haihuwarki ba tana fayil ɗinsu ba? Nuna musu da yatsa, su karanta da bakinsu."

Wannan dabarar na riƙe na shiga da ita.

Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata tsohuwar farfesa ce daga wani sashe, mai furfura da ƙaramar murya. Dogo ya fara. Kai, mutumin nan ya iya baki! Ya yi minti ashirin yana nuna zane-zane, yana bayanin yadda K ke jan wannan, D da E ke ture wancan. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, daga rahotona ya kwashe. Har na fara jin ko ni ce mai ƙaryar.

Tsohuwar ta bar shi ya gama, sannan ta ce tana da tambaya ɗaya. Abin da ake so ya jure zafi, me ya sa aka sa masa N, alhali duk wanda ya san aikin ya san akwai wadda ta fi ta ƙarko? Dogo ya gyara tsayuwa. Ya ce gogewa ce, wani lokaci hannun gwani yana zaɓar abin da ba a iya bayaninsa. Ta ce to me ya sa A ta riga N, ba N ta riga A ba? Ya ce duk ɗaya ne. Ta rubuta wani abu, ta juyo gare ni.

Na miƙe. Na ce N aibi ce, kuma na san aibi ce tun ranar da na rubuta ta. Na ce ban cire ta ba ne don ba zan iya cire harafi daga sunan mutum ba. Na roƙe su su buɗe fayil ɗina, su duba takardar haihuwar da na kawo tun kafin in san ƙofar ɗakin gwajin nan, layin da aka rubuta sunan mahaifiya. Aka kawo fayil. Tsohuwar ta dubi takardar, ta dubi allo inda haruffa biyar ɗin suke, ta sake duban takardar. Sai ta karanta da irin karatunsu, mai haɗiye harafin ƙarshe.

"Kand," in ji ta.

Mutumin da ke gefenta ya ce wataƙila Kendi ne.

Nan fa dabarar Goggo ta rushe. Na yarda a yi mini komai a ƙasar nan, ɗaki marar rana, gaisuwar da ba a amsawa, amma ban yarda a guntule sunan matar nan ina tsaye ba. Ni da na hana a guntule nawa?

Na ce, "Ba Kand ba ne. Kande."

Muryata ta fito da ƙarfin da ban yi niyya ba, har ta dawo mini daga bango. Na sake cewa, "Kan-de. Mahaifiyata ce. Jini ne ya kashe ta a hanyar asibiti ina da shekara tara. Ku tambaye shi ko ya san ta."

Ba wanda ya tambaye shi. Dogo yana kallon takalminsa. Tsohuwar ta maimaita sunan a hankali, ta dube ni ko ta faɗa daidai. Na ce saura kaɗan, ta ɗan ja ƙarshen. Ta sake, ta samu.

An cire sunansa daga gurbin. Ba a kore shi ba, kar a yi zaton tatsuniya ce, har na bar ƙasar muna haɗuwa a matakala, shi ya kau da kai, ni in gaishe shi da gangan. Ni ma ban tsira ba. Tsohuwar ta kira ni gefe ta wanke ni tas, ta ce kimiyya ba wurin ajiye makoki ba ne, in je in gyara aibin. Ta yi gaskiya, kuma haushin gaskiyar ya fi na ƙaryar Dogo daɗewa a raina. Na canza N da wadda ta fi ta, wutsiyar ta daina karantuwa, garin ya ƙara jure zafi. Maganin da zai ruɓe a aljihun tebur a Gwiwa ba girmama Inna ba ne. Amma da aka zo cike gurbin sunan abin a takardar rajista, na ce wanda ya haifa shi ke raɗa suna, kuma na riga na raɗa masa na Inna. Har yau bai zama magani ba, a kwalba da jikin ɓeraye kawai aka gwada shi, hanya da saura. Sai dai duk wanda zai yi aiki da shi, a kowace ƙasa yake, dole bakinsa ya koyi sunan.

Da damina na dawo gida. Bayan an gama zuwa sannu da zuwa, na sami Baffa da la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana gyaran igiyar ɗaure maraƙi. Na durƙusa na miƙa masa kwafin takardar. Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa yana tsallake Turancin, har yatsan ya zo kan kalmar ya tsaya.

Na ce, "Baffa, na yi laifi. Shaidar da na ce maka tana kunne, ita ce wannan. Kuma sai da na faɗe ta a gaban mutane."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da bakinki?"

"Da bakina."

"A hankali, ko da ƙarfi?"

"Da ƙarfi, Baffa. Sau biyu."

Ya dubi wajen da shanu suke. Na jira faɗa, na shirya in karɓa. Can ya ce, "Sun iya faɗa daidai?"

Na ce, "Sai da na koya musu."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da idonsa kan takardar, yatsansa na nan inda yake. Sai na ga laɓɓansa sun motsa. Ban ji komai ba, raɗa ce, kuma ba da ni yake ba. Na kau da kai, na tashi na shiga gida na bar masa takardar.